Neman shawara kan gyara sabis da jerin abinci a gidan abincina

Mai Gidan Abinci, Kano:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da sauran 'yan'uwa. Ina da ƙaramin gidan abinci na zamani a cikin Kano, irin wanda ake zuwa kanta a biya kuɗi a karɓi abinci nan take, ko a zauna a ci ko a tafi da shi gida. Na buɗe shi a ƙarshen shekarar 2022 da ma'aikata tara, muna sayar da soyayyar kaza da gasasshiya, dafa-duka, soyayyar shinkafa, soyayyen dankalin Turawa, shawarma, boga, fiza, taliya, farfesu, da kayan fulawa da na sanyi. Da na tsaya jiya na ƙirga abin da ke rubuce a allon da ke saman kanta, na samu abu 38.

Ba mu daɗe da buɗewa ba aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wutar layin da muke kai, wato rukunin A na waɗanda suka fi samun wuta, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Na daɗe ina ɗora wa waɗannan abubuwa laifin raguwar cinikina, kuma ba shakka suna da nasu kason. Sai dai a makon jiya wani aminin mahaifina, wanda a da ba ya kwana uku bai aiko an saya wa iyalinsa kaza ba, ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce mini tsada ba ta cikin abin da ya sa ya daina aikowa. Yaron da yake aikowa ne ke shafe minti arba'in a tsaye, kuma sau uku a jere yana neman abin da ke rubuce a allo ana ce masa ya ƙare.

Shi ya sa nake neman shawararku. Da wanne ya kamata in fara, gyaran jerin abincin ko gyaran yadda ake karɓar mutane? Kuma ya dace in shigo da abincinmu na gida irin su gurasa da masa da ɗanwake, ko hakan zai sa wurin ya rasa kamanninsa? Ba ni da jarin sake gini ko sayen sababbin injuna, don haka ina roƙon a ba ni shawarar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya aiki da ita.

Tsohon Kuku, Kaduna:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekara goma sha huɗu a kicin ɗin irin waɗannan gidaje tsakanin Kaduna da Abuja, tun daga wanke-wanke har aka damƙa mini kicin gaba ɗaya, kuma a ganina jinkirin da ake yi a kanta da kalmar "ya ƙare" duk daga allon nan mai abu 38 suke fitowa. Cikin mutum tara, idan ka cire kashiya da mai gadi da mai shara da wanda yake hutun ranarsa, da wuya waɗanda ke gaban wuta su wuce huɗu ko biyar, alhali duk abin da ka rubuta a allo yana da kayan haɗinsa da za a sayo, a adana a firji, a yanka, a dafa, a kuma zubar idan bai shiga ba. Fiza kaɗai tana buƙatar kwaɓi na daban da cuku mai tsada da tanda mai shan wuta, kuma a kuɗin wutar da ka ambata ina tantamar tana mayar da abin da take ci.

Wannan sana'a ma daga rage jerin abinci ta samo asali. A 1948 'yan'uwan nan biyu masu suna McDonald suka rufe gidan abincinsu na San Bernardino a Amurka na ɗan lokaci, suka sake buɗewa bayan sun rage abin da suke sayarwa daga 25 zuwa 9, suka kuma shirya kicin ta yadda kowane ma'aikaci aiki ɗaya yake yi a wuri ɗaya. Saurin da aka san su da shi daga nan ya zo. Kai ma ka ɗauko rasit ko littafin ciniki na wata uku da suka wuce, ka ƙirga faranti nawa aka sayar na kowane abu. Ka riƙe goma ko sha biyun da ke sama, sauran ka sauke su daga allo ba tare da jin nauyi ba, kuma wajen zaɓe ka fifita waɗanda suke tarayya a kayan haɗi. Kaza ɗaya da aka jiƙa da kayan ƙamshi tun safe tana iya zama gashi, ta zama suya, ta zama naman shawarma, ka ga abu uku a allo amma saye ɗaya a kasuwa.

Na biyu shi ne lokacin dafuwa. Yawancin kicin da na shiga sukan ɗora babbar tukunyar shinkafa da hantsi, a juye a tire, ta zauna har bayan magariba, ta bushe daga sama ta yi caɓi daga ƙasa. Ka san lokutan da mutane ke cika maka wuri, galibi bayan azahar da kuma daga magariba zuwa ƙarfe goma, sai ka raba dafuwar gida uku ko huɗu ta yadda sabuwar tukunya za ta sauka kafin kowane cunkoso, kuma a riƙa rubuta lokacin da aka juye kowane tire a jikinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. A zafin Kano na Afrilu da Mayu, haɗin salak mai kirim shi ne farkon abin da ke juyawa idan wuta ta ɗauke, don haka a riƙa haɗa shi kaɗan-kaɗan. Ma'aunin zafi na kicin ba shi da tsada, ka saya ka koya wa yaranka amfani da shi. Man suya kuma a tace shi kowane dare, a raba na kifi da na kaza, kuma da zarar ya yi baƙi ko ya fara kumfa a sauke shi, domin mai saye yana jin tsohon mai a bakinsa ko da bai san sunan abin da ya ji ba.

Sannan ka ware yini ɗaya ka tsaya a kicin ba ka cewa komai, kana bin faranti ɗaya da ido tun daga lokacin da aka biya kuɗinsa har ya isa hannun mai shi. Za ka ga inda kuku ke tafiya taku goma don ɗauko roba ko leda da ya kamata a ce tana kusa da hannunsa. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke zuba abinci, kowane rasit ya ɗauki lamba, kuma duk abin da ya ƙare a rufe sunansa a allo nan take kafin wani ya bi layi dominsa.

Hajiya, Malamar Makaranta, Zariya:

Ɗana, ni ban san kicin ɗin kasuwa ba, amma ina da 'ya'ya da jikoki, kuma duk ƙarshen wata sai mun shiga irin wurinka, saboda haka zan gaya maka abin da ke mayar da ni wuri da abin da ke hana ni komawa. Farkonsa sallama. Na sha shiga gidan abinci mai kyan gini da sanyin na'ura, in yi sallama a kanta yarinya tana danna waya ba ta ɗago ba, sai dai ta ce "me za a kawo?" Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan ba ya cin ko sisi. Ka koya wa yaranka su amsa sallama, su ce sannu da zuwa, su kira babba da Baba ko Hajiya, kuma idan abinci zai ɗauki minti goma sha biyar su faɗi gaskiya tun farko. Mutum yana iya jiran abin da aka gaya masa tsawonsa, wanda ba ya jurewa shi ne a ce masa "yanzu-yanzu" a bar shi yana kallon ƙofar kicin.

Sai wurin zama. Da yawa daga cikin masu irin gidajen nan sun kwaikwayi tsarin da aka yi don wasu mutane, tebura a fili a gaban gilashi mai kallon titi. Mace mai niƙabi ba za ta ci abinci a nan ba, kuma magidanci da yawa ba zai zaunar da iyalinsa a tsakiyar samari ba. Tebur biyu ko uku a lungu ɗaya, da ɗan shinge na katako ko labule, sun isa su zama sashen iyali. Wurin wanke hannu ya kasance da sabulu da ruwa a kowane lokaci, tunda da hannu muke cin kaza, bayi ya kasance da buta kuma a riƙa duba shi, a kuma tanadi inda mace za ta yi sallah idan magariba ta same ta a wurin. Na taɓa barin abinci rabi na kwashi yara muka tafi saboda wannan kaɗai.

Batun biyan kuɗi ma yana ɓata wa mutane rai fiye da yadda kuke zato. Tun ƙarancin kuɗin 2023 yawancinmu da waya ko kati muke biya, kuma ba daɗi a tsayar da dattijuwa a kanta ana jiran shigar saƙon banki, mutanen da ke bayanta suna kallonta kamar wadda ake tuhuma. Ka tanadi na'urar POS biyu na kamfanoni daban-daban, idan ɗaya ta ƙi a gwada ɗayar, kuma a ba mutum lambarsa ya zauna a ci gaba da haɗa masa abinci kafin saƙon ya shigo. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a ba shi canjinsa cikakke. Kafin a ɗaure leda a karanta wa mai saye abin da ke ciki, idan kuma an yi kuskure a ba shi haƙuri a canza masa ba tare da musu ba.

A jerin abinci roƙona uku ne. A yi rabin faranti don yara da masu ƙaramin ci, a sa yaji a gefe maimakon a cikin tukunya, a kuma samar da zoɓo ko kunun aya marar sukari, domin maigidana yana da ciwon sukari, kuma duk inda muka je ruwa kawai yake iya sha.

Ɗan Kasuwar Kayan Gwari, Maraɗi:

Malam, ina goyon bayan shigo da abincin gida da dukkan ƙarfina. Muna da abincin sauri tun kafin a zo mana da boga. Mai tsire da mai shayi da mai ƙosai duk sun san yadda ake sallamar mutum ashirin cikin ɗan lokaci, kuma kowannensu abu ɗaya ko biyu ya riƙe ya ƙware a kai. Bandashe, wato haɗin gurasa, ba ya ɗaukar minti uku idan garin ƙuli-ƙuli da mai da yankakkiyar albasa da tumatir suna ajiye, kuma kana zaune a garin da gurasarsa ta yi suna, musamman ta Jakara. Dubi yadda fura da nono ta shiga shaguna masu firji da injin markaɗe a Kano da Abuja, har waɗanda a da suke ganin abin ƙauye ne suna bin layinta. A nan Nijar kuwa, dambu da zogale ana cin sa a Yamai da Maraɗi da Damagaram tun daga bakin titi har teburin manya. Manyan gidajen sayar da soyayyar kaza na Najeriya ma ba su tsaya kan abin da aka kawo daga waje ba, dafa-duka da alala suna cikin abin da ke riƙe musu ciniki.

Akwai kuma amfanin da ni na fi gani saboda sana'ata, wato kayan gida suna ba ka damar bin kaka. Tumatir yana araha a lokacin sanyi, sa'ad da na noman rani daga yankin Kadawa da Kura ya cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba, sannan ya yi tsada sosai a farkon damina. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, sun san abin da ke samun gidan abincin da komai nasa ya dogara da jar miya. Albasa, ko ta Aliero ce ko ta Galmi, ita ma tana da lokacin arha da na tsada. Idan dankalin Turawa na Filato ya hau, soyayyen dankalin Hausa da yaji yana tsaya masa, kuma mutane suna son sa. Ka bar gurbi ɗaya ko biyu a allonka da za su riƙa canzawa bisa abin da kasuwa ta kawo.

Kada ka manta da watan azumi. Yini ba ciniki, sannan kowa ya zo cikin rabin awa ɗaya. Ka shirya ƙunshin buɗa-baki iri ɗaya ko biyu, da dabino da kunun tsamiya da ƙosai da ɗan nama, a karɓi oda ta WhatsApp kafin la'asar, a jera su da sunayen masu su kafin a kira sallah.

Akanta, Abuja:

Ina girmama ra'ayin ɗan'uwanmu na Maraɗi, amma ina so Mai Gidan Abinci ya yi hattara, domin an fara da ba shi shawarar rage allo, kada ya sauke abu ashirin ya ɗora wasu ashirin. Saurayin da ya kawo ƙannensa wurinka ranar Asabar ya zo ne don abin da ba a dafawa a gidansu. Kuma matar da ke tuyar masa a bakin layinku ba ta biyan hayar shago ko kuɗin dizal ko harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, ga shi hannunta ya shekara ashirin a kan tanda, don haka ba za ka kai ta araha ba, da wuya kuma ka kai ta daɗi. Idan za ka gwada, ka ɗauki abu ɗaya wanda zai shiga cikin abin da kake da shi, misali gurasa da gasasshiyar kazarka, ka sayo daga hannun waɗanda suka iya maimakon ka ce kukunka ya koya, ka ba shi sati huɗu kana rubuta abin da ya shiga, sannan ka yanke hukunci.

Kafin nan ma, ka san nawa kowane faranti yake cin ka. Ka auna shinkafa da mai da kaza da gas da robar zubawa, ka fitar da kuɗin faranti ɗaya, ka riƙa sabunta lissafin duk wata tunda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A samu ludayi ɗaya na awo da kowa zai riƙa zubawa da shi, domin idan yaron safe yana cika faranti na dare yana ragewa, kai ka yi asara da safe, mai saye ya ji an cuce shi da dare. Idan dole ta sa a ƙara kuɗi, a ƙara a fili a rubuta a allo, hakan ya fi a rage girman cinyar kaza a ɓoye.

Abin da na fi so in tsaya a kai shi ne su ma'aikatan. Duk abin da Hajiya ta lissafa gaskiya ne, amma yarinyar da ta tsaya tun ƙarfe takwas na safe har goma na dare, ba a biya ta albashin watan jiya ba, kuma ana cire mata kuɗin duk kofin da ya fashe, ba za ta iya sakin fuska ba ko an koya mata sau ɗari. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000, sai ka duba inda naka yake, ka kuma duba nawa kuɗin adaidaita sahu ke cinye musu a wata. Ko ba ka iya ƙari yanzu ba, biya a kan lokaci, da raba aiki zuwa na safe da na yamma, da ba su abinci mai kyau sau ɗaya a yini, suna cikin ikonka. Duk ma'aikacin da ya tafi ya tafi da abin da ka koya masa, sabon kuma zai yi wata guda yana koyo a kan kwastomominka.

Mai Gidan Abinci, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Kuku, na bi maganarka na kwana biyu ina ƙirga rasit, kuma na samu abu tara ne ke kawo mafi yawan kuɗin, fiza kuwa akwai ranakun da ko ɗaya ba a saya ba alhali tanda tana kunne. Daga ranar Litinin allon zai koma abu goma sha biyu. Hajiya, na riga na yi magana da kafinta kan shingen sashen iyali, kuma ɗakin ajiyar da zai ragu bayan an fitar da kayan fiza zai zama wurin sallar mata. Maganar Akanta ita ta fi taɓa ni, domin gaskiya ne wata uku ke nan albashi yana kaiwa goma ga wata kafin in biya, kuma na tara ma'aikatan jiya na ba su haƙuri na yi musu alkawarin ranar biya tsayayya.

Zan gwada gurasa da gasasshiyar kaza da kuma bandashe na sati huɗu kamar yadda aka ce. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan adana gurasar, domin wadda aka gasa da safe takan bushe kafin dare, kuma da dare ne cinikina ya fi ƙarfi.

Tsohon Kuku, Kaduna:

Ƙanena, ka shirya da mai gurasar ta riƙa ba ka sau biyu, kaɗan da hantsi, mafi yawa bayan la'asar, ko da za ka ƙara mata wani abu a kan ɗawainiyar. Idan ta iso ka bari tururinta ya fita, sannan a naɗe ta a tsabtataccen ƙyalle a sa a kula mai murfi, kuma kada ta shiga firji, domin sanyi yana sa ta tauri da wuri. Wadda za a ci da kaza a ɗan yayyafa mata ruwa a ɗora a gefen wutar gashi na ɗan lokaci kafin a miƙa. Bandashe kuwa kada a haɗa shi sai an biya kuɗinsa, garin ƙuli ya zauna a busasshen mazubi mai murfi, kuma ka riƙa shinshina shi duk safiya, in ka ji ya fara warin tsohon mai ka zubar. A satin farko ka fara da guda talatin a yini, ka rubuta ƙarfe nawa ta ƙare, sai ka san ko za ka ƙara ko za ka rage.